Ciyawar da Baba Ya Yi wa Jinya

Shekarun baya, can lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa, kowane ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, ina koyarwa a wata firamare a Kazaure. Ni da abokina muna zaune a gidajen malamai, katanga ce kawai ta raba mu. Shi mutum ne mai son ƙyale-ƙyale. Ya je Jos ya dawo da wata ciyawa a gwangwani, wai ta ado ce. Doguwa ce, kore shar rani da damina, kowane kara da ganye a kansa kamar lema. Da aka tura shi kwas Zariya na wata tara, sai ya dasa ta a tsakar gidana, ya riƙe hannuna ya ce, "Amana na ba ka. Ba ta jure ƙishi ko na yini ɗaya."

Ni kuma da shegiyar kunya na ce to.

Jama'a, na ga ta kaina. Ciyawar nan ta fi raƙumi shan ruwa. Safe da yamma ina jido bokiti daga famfon makaranta, ni malami guda, wando a nannaɗe, matan maƙwabta na leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Awaki suka sa mata ido, na kewaye ta da ƙaya, ƙayar ta fi sukata a kan awakin. Hedimasta ma sai da ya ce, "Malam, in kiwo za ka yi, ai tunkiyar ake fara saye kafin ciyawar."

Saura mako uku abokina ya dawo, mahaifina ya zo daga ƙauyenmu na wajen Roni don a duba masa ciwon ƙafa a asibiti. Manomi ne tun tasowarsa, kuma ba abin da ya tsana kamar aya-aya, ciyawar nan da ko ka nome ta sai ta dawo. Yana shigowa ya ƙura wa abata ido.

"Wannan fa?"

"Fulawa ce, Baba."

"Ina furen?"

"Ai ba ta yin fure sosai."

"Ana ci? Ko magani ce?"

"Ado ce kawai."

Ya ce, "Uhm." Da ina da wayo, da wannan uhm ɗin ya ishe ni gargaɗi.

Washegari na taso daga makaranta da azahar, na tarar da tsakar gida fes. Baba na kishingiɗe a tabarma, fartanyar maƙwabci jingine da bango. Ganyen ya ba tumakin unguwa, saiwoyin kuma ya baza su a kan kwanon ɗakin girki, rana na gasa su.

Ya ce, "Na rage maka wahala. Dangin aya-aya ce, na gane ta ko da ta sa kayan Turawa. Saiwar ma na shanya, in ba haka ba gobe ka gan ta."

Raina ya ɓaci iya ɓaci. Wata takwas ina jidar ruwa! Amma uba ne, me zan ce? Na durƙusa na ce, "Baba, ba tawa ba ce. Amanar abokina ce."

Sai ya tashi zaune. "Amana? To kai wane irin malami ne? Jiya na tambaye ka, ka tsaya kana ce mini fulawa, ado. Bakinka ciwo yake da ba za ka ce amana ba?"

Kun ji fa, laifin ma nawa ne.

Nan take ya sa na hau na sauko da saiwoyin. Ya sa wuƙa ya raba su gida bakwai, ya binne a gefen magudanar da muke alwala, ya yi musu inuwa da tsohon zana. Sau biyar a rana, in ya gama alwala, sai ya juye musu sauran ruwan buta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da wannan dangi, ga shi tsugune yana lallashinta.

Kwana huɗu da haka ruwan shuka ya sauka. Baffana ya zo a keke ya ce kowa ya fita gona, Baba kaɗai ake jira. Baba bai taɓa bari wani ya riga shi jefa iri a gonarsa ba, amma ya ce, "Ku je ku shuka. Na ɓata kayan mutane, ba inda za ni sai na damƙa wa mai shi." Na yi magiya har na gaji. Da hantsi sai in gan shi a ƙofar gida yana shaƙar ƙanshin ƙasa, yana kallon hanyar Roni. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma duk a kan ciyawar da ko akuya ba ta ƙoshi da ita.

Bayan kwana goma sha biyu shida suka tsiro, ɗaya ta ƙi.

Ranar da abokina ya dawo, ya shigo da fara'arsa, ya gaida Baba, na nuna masa. Sai ya ce, "Au, abar nan tana nan? Wallahi na manta da ita. Ai a Zariya a bakin kwata take fitowa."

Ba don idon Baba ba, da na shaƙe shi.

Baba ya dubi abokina ya ce, "Yaro, ka ce amana ko ba ka ce ba?"

"Na ce, Baba."

"To ga fartanya can."

Haka abokina, da farar rigarsa ta tafiya, ya tone shidan nan ya kai gidansa ya dasa, Baba na tsaye a kansa. Sai da ya ga an ba su ruwa sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha. Gonarsa kuwa ya tarar gero har ya fito, ba da hannunsa ba.

Ta bakwai ɗin, wadda muka fid da rai da ita, ta tsiro bayan tafiyarsa da mako ɗaya. Ita na yi ta yawo da ita duk garin da aka mai da ni, kuma har yau tana nan inda nake alwala. Har yau haushin ruwan da take sha nake ji. Baba kuwa har Allah ya yi masa rasuwa bai yarda fulawa ce ba, ni ma yanzu na daina musu. Abin da na koya shi ne, in za ka gaya wa mutum abu, ka gaya masa da sunan da zai ji nauyinsa. Shi ya sa in jikokina suka nufo ta da fartanya, ba na cewa ado ce. Cewa nake amana ce, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙara taku ɗaya ba.