Sabon allo a hanyar ƙauyenmu

Ƙafar yayana Bello tana kan cinyata, ta kumbura suntum. Maciji ya sare shi a gonar albasa, muka ɗauko shi daga ƙauyenmu na wajen Kajiji zuwa asibitin Shagari. Mota tana ta rarrafe, daga wannan rami sai wancan.

Sai ga sabon allo a bakin hanya.

"Mi anka rubuta nan, Sani?"

"Wai a rage gudu, Yaya."

Ya yi murmushi, gumi na zubo masa. "To ce ma direba shi tsaya. Shi ɗai ya rage muna."

Bello ya rayu, amma sai da aka yanke ƙafar.

Masu ce mana mu rage gudu, sun taɓa ɗauko marar lafiya ta nan kuwa? Ku da kuke bin hanyar, ku gaya mini.