Ramuka Arba'in da Huɗu a Filin Bahaguwa

Bahaguwa ake ce mata tun tana 'yar shekara tara, lokacin da take tsintar ƙwallo a kulob ɗin tanis inda mahaifinta ke kula da fili. Da hannun hagu ta fara riƙe raket, wata tsagaggiya da aka yar, kuma da hannun nan ta ci abinci shekara goma sha ɗaya. Ta buga gasa a garuruwan da ko gaisuwarsu ba ta iya ba. Jami'an ƙungiya su tafi a jirgi, ita ta bi mota da raket biyu a jaka. Sau biyu ta kai wasan ƙarshe, sau ɗaya ta ɗauko kofi. Kofin yana nan har yau a ofishin wani sakatare da bai san yadda ake ƙirga maki ba.

Gwiwa ce ta tsayar da ita. A wata gasa aka yi taro a kan fili ana gobe wasa, aka cike ramukan turakun rumfa da ɗanyar ƙasa, aka share sama ya yi kyau. Ta sheƙo za ta tare ƙwallo, ƙafa ta nutse, jiki ya wuce. Ƙungiya ta aiko da wasiƙar jaje. Mahaifinta ne ya yi jinya.

Da ta miƙe sai ta gaji aikinsa. Filin jar ƙasa ba ya jin daɗin baki. A ba shi ruwa da safe, a ja masa rola mai nauyi har ya daɓu, a share, a gyara layi, gobe a sake. Shekara ashirin tana wannan da ɗingishi. Burinta ɗaya, gasar mata ta dawo filin, ɗalibanta shida su buga a gida iyayensu na gani. A ƙarshe aka ce mai duba fili zai zo ranar Litinin. In ya sa hannu, an ba su gasar bana.

Sai shugaban kulob ya tashi da maganar karrama ta ranar Asabar.

"Ranka ya daɗe, a yi a zaure," in ji ta.

"Haba Anti, a filinki mana. Hoto zai fi kyau."

"Ba hoto ne zai yi gudu a kai ba."

Ya dafa ƙirji ya ce ko tsinke ba za a soka wa ƙasar ba. Ta dai dube shi. Ta ga irin wannan dafa ƙirjin da yawa.

Da safiyar Asabar ta tarar da rumfuna uku tsaye a tsakiyar fili, an cire raga an jefar gefe, turakun ƙarfe sun shige ƙasa kamu guda.

"Ni dai Mama, an ce in kafa, na kafa," in ji mai rumfa. "Ƙasar ma ba ta ba mu wahala ba."

"Ni ta ba," ta ce.

Aka jera kujeru ɗari biyu. Baƙi suka cika, wasu da takalma masu tsini, kowane taku rami. Mutum bakwai suka yi jawabi a kan sadaukarwa, babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa jan rolar nan ko taku biyu. Shugaba ya miƙa mata allon yabo na katako, ya kama hannunta na dama ya ɗaga sama, ya ce wannan hannu mai albarka ne ya ɗauko kofi. Ƙanenta, direban babbar mota, ya sunkuyo ya ce, "Yaya, ashe har hannun sun canja miki."

Aka ba ta makirfo.

"Na gode. In za a tashi, kowa ya ɗaga kujerarsa, kada a ja. Masu tsini su cire takalmi."

Aka kwashe da dariya, aka tafa, ana cewa Anti akwai barkwanci. Sannan aka tashi aka ja kujerun.

Ranar Lahadi ita da ƙanenta suka ƙirga ramukan turaku, arba'in da huɗu. Suka tankaɗe ƙasa, suka cike, tana daddanna kowanne da bayan allon yabon, don shi ne katako mai faɗi da ke kusa. Suka ba ruwa, suka ja rola har kafaɗa ta ƙage. Kafin yamma saman filin ya yi sumul, sai ka rantse ba abin da ya faru.

Mai duba fili tsohon alƙalin wasa ne, ya sha hawa kujerar alƙalanci lokacin da take bugawa. Ranar Litinin ya iso, ya zagaya, ya buga ƙwallo a ƙasa sau biyu, ya zaro biro.

"Filin Bahaguwa ai ba sai an duba ba."

Shugaba ya washe baki. Ita kuwa tana kallon wani wuri kusa da layin baya, daidai inda 'yar wasa ke birki in ta sheƙo. Ta san ƙasar da aka cike jiya sai ta yi wata guda kafin ta kama. Ta san abin da ke ƙarƙashin sumul ɗin nan, gwiwarta ma ta sani.

"Malam, ajiye biron. Zo ka gani."

Ta dasa diddige ta murza. Ƙasa ta lotsa har takalmin ya shige.

"Akwai irinsa arba'in da uku."

"Anti, me kike yi haka?" Shugaba ya daka tsawa. "Ke fa kika nemi gasar nan!"

"Ni na nema. Amma ba gwiwarka za a kawo nan ba, ta 'ya'yan mutane ce."

Mai duba fili ya daɗe yana kallon ramin. Ya mayar da biro aljihu, ya ce jibi ake rufe jadawali, sai dai baɗi. Shugaba ya shige ofis yana faɗin an ci masa mutunci bayan duk karamcin da ya yi.

Da bakinta ta gaya wa ɗalibanta da suka zo atisaye. Biyu suka yi kuka, ɗaya ta juya ta fita ba sallama. Bahaguwa ba ta rarrashi kowa ba. Ta nuna wa sauran bangon atisaye, ta ce ba mai taka fili sai bayan wata guda. Sannan ta jawo tiyo, ta buɗe famfo, ta fara daga ramin farko.