Na Raba Maka Karta Bayan Ka Rasu

Ranar Lahadi, sha biyu ga watan Oktoba, jim kaɗan bayan sallar asuba, Allah ya karɓi ran Machoudi Adechokan a gidansa da ke Porto-Novo, yana da shekara hamsin da tara. Mai abu ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Matarsa ta ce ya dawo daga masallaci, ya zauna a bakin gado yana jiran koko ya huce, ya dafe ƙirji, shi ke nan. Ni ban ji ba sai wajen ƙarfe biyu na rana, kuma kafin lokacin na shafe awa biyu a Kwatano ina raba masa karta.

Yau kwana tara ke nan, Machoudi, ban yi maka kuka ba. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki. Abokan wasanka ne suka ce in rubuta wani abu, tun da na fi kowa daɗewa ina zama a gabanka, shi ya sa na ɗauki biro.

Ban zo wanke karta ba. Na san sunan da ake kiranta a Zongo inda aka haife ni, na kuma san irin kallon da ake bi na da shi idan na fito da farar shat da baƙar falmaran zan tafi aiki. Kai ma ba ka taɓa yi mata kwalliya ba. Gambari kake kirana, yadda ku Yarbawa kuke kiran Bahaushe, kuma sau da yawa idan muka haɗu a wurin alwala lokacin hutu kakan ce, “Gambari, ni da kai dai sai Allah ya dube mu.” Abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Shekara talatin kana koyar da lissafi a sakandare. Ka wuce arba'in kafin ka fara zama teburin kartar poka, kuma ka shigo da halin aji. Sai ka yi awa guda ba ka shiga wasa ba, kana kallon hannuwan mutane kamar masu satar amsa. Kowane ɗan wasa yana da abin da yake danne kartarsa da shi, wani zobe, wani tsohuwar ƙwandala. Kai guntun alli ne naka, kullum yana ɓata mana koren ƙyallen tebur, kullum Madam Edwige mai kula da gasa tana mita. Sau biyu ka zo na ɗaya a Lome. Ka zo na uku a Abijan cikin mutum ɗari biyu da 'yan kai, ka zo na shida a Dakar. Duk waɗannan ba su dame ka ba, a cewarka a garin mutane aka yi su.

Wadda ta tsaya maka a rai ita ce ta gida, gasar ƙarshen damina da ake yi kwana uku a otal ɗin da nake aiki. Kowa da tulin ƙwandalolin roba iri ɗaya yake farawa, wanda nasa suka ƙare ya tashi. Mutum taran da suka rage su ke zama teburin ƙarshe, kuma kafin a raba musu karta ana ɗaukar su hoto a rataye a bangon shiga. Shekara goma sha huɗu kana wuce bangon nan, fuskarka ba ta ciki. Sau huɗu kana zuwa na goma. Har masu gadi Na Goma suke kiranka, kana amsawa.

Na goman farko ni na sani, domin da hannuna a ciki. Shekarata ta farko ce a babbar gasa, saura mutum goma, na karanta karta ba daidai ba na tura maka tulin da ba naka ba. Wanda ya ci bai lura ba, har ya miƙe zai ɗauki hularsa. Da ka yi shiru ka shiga hoto. Sai ka ɗora yatsa a kan tebur ka ce, “Gambari, sake duba aikinka, akwai kuskure a layi na ƙarshe.” Aka mayar wa mai shi, ba a yi minti ashirin ba ka fita. Madam Edwige ta so ta sallame ni a ranar. Ka bi ta har ofis ka ce hannunka ne ya kare mini karta ɗaya. Hannunka bai kare komai ba, mu biyu mun sani. Ba ka sake tayar da zancen ba, ni kuma ban taɓa yi maka godiya yadda ya kamata ba.

A shekara ta biyu ne ka fara zuwa da rigar. Matarka, wadda ake kira Iya Faozath da sunan 'yarku, tela ce, kuma ba ta son kartar nan ko kaɗan. Amma ta ce tun da ba za ka bari ba, ba za ta yarda a ɗauke ka hoto da rigar malanta mai tabon tawada a aljihu ba. Ta ɗinka maka farar buba, rigar Yarbawa, mai aikin zare ruwan toka a wuya. Kowace shekara ranar Juma'a kakan miƙo mini ita a ninke cikin leda in saka a akwatin ajiyata, ka ce sai ka shiga tara za ka sa. Ranar Lahadi in miƙa maka abarka, ka saƙale ta a hammata, ka tsaya wurin mai akasa, agidin masara, da soyayyen kifi a bakin ƙofa ka ci, ka tari zem, ɗan acaɓa, zuwa tasha.

Wanda ya fi kowa damunka da tsiya shi ne Fofo Barnabé Hounkpatin, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya. Cikin na gomanka huɗu, biyu shi ya fitar da kai. Hotonsa uku a bango, kuma ba ya wucewa sai ya tsaya ya goge gilashin da hannun riga idan kana kusa.

“Malam, an kawo rigar angon?” haka yake tarbarka. “Ka ba ni aro mana, kada asu ya riga ka sawa.”

“Fofo, ko hannunta ba zai shiga cikinka ba.”

“To ka ba Gambari, ko banza shi kullum yana teburin ƙarshe.”

Bana da aka tashi wasa ranar Asabar saura mutum goma sha uku, kana cikinsu. Kowa ya zuba ƙwandalolinsa a jakar leda, ya rubuta sunansa, aka liƙe. Naka ba su fi na kowa ba, amma sun isa mutum mai haƙuri irinka. Ka mance allinka a kan tebur, na ɗauka na sa a aljihu in ba ka gobe.

Ƙarfe sha biyu na ranar Lahadi aka buɗe jakunkuna. Kana kujera ta huɗu a teburina, Fofo Barnabé yana ta biyu. Ba ka zo ba. Ƙa'idarmu ba ta jiran kowa. Wanda bai zo ba, ana jera ƙwandalolinsa a gaban kujerarsa, a raba masa karta kamar kowa, mai rabon karta ya janye ta a kife. Idan zagaye ya zo kansa a cire masa zubin dole, haka har su ƙare. Na yi wa mutane da yawa haka, masu makara da masu fushi. Fofo ya kalli kujerar ya ce, “Malam ya makara aji, yau shi za mu sa ya durƙusa.” Aka yi dariya, har da ni. Na ce a raina cunkoson hanyar Porto-Novo ne.

Mutum uku suka fita cikin awa biyu. Saura goma, biyar a kowane tebur. A lokacin ne Madam Edwige ta fito daga ofis da waya a hannu, ta tsayar da agogon gasa. Ƙanenka ne ya kira. Ta faɗa a taƙaice, ta ce za a yi jana'iza bayan la'asar. Wani ya ce a ɗage wasa zuwa gobe, wasu baƙi suka ce jirginsu na yau ne. Ta ce a yi shiru na minti ɗaya, aka yi, sannan ta kalle ni ta ce, “Tanimu, raba.”

Na raba. Ina jin hannuna yana aiki kamar na wani. Karta biyu a gaban kujera ta huɗu, in janye, in cire zubi. Masu rabo ana canza su duk rabin awa, da na ce zan tafi jana'iza da an bar ni. Ban ce ba. Na roƙi wanda ya zo canjina ya bar mini teburin, kuma har yau ban san dalili ba.

Abin da ya biyo baya ba na zargin kowa da shi, haka wasan yake. Kowa ya duba ya ga akwai kujerar da ba ta iya kare kanta. Sai duk suka noƙe, ba mai shiga babban wasa, ana jira naka su ƙare a shiga hoto. Tulinka yana raguwa a hankali, ni nake rage shi. Na ƙiyasta da ido, bai fi zagaye bakwai ya rage maka ba. Na goma karo na biyar, kuma wannan karon ba ka nan balle ka yi dariya.

Ƙwandalolin Fofo Barnabé sun ɗan gaza naka, amma shi yana zaune da ransa, hannu ɗaya mai kyau ya ishe shi ya ninka su. Na ga ya kalli tulinka, ya kalli nasa, ya sake kallon naka. Na raba, ya ɗaga gefen kartarsa ya duba, ya tura mini ita. Ya miƙe yana laluben makullin mota.

Madam Edwige ta ce, “Fofo, ka san idan ka tafi ba zan riƙe maka komai ba.”

“Wa ya ce ki riƙe? Musulmin nan ba sa jira, yanzu za su rufe shi ban gan shi ba. Gambari, me ake cewa idan an je? Kada in je in yi musu shirme.”

Na ce, “Ka ce Allah ya jiƙansa.”

Ya maimaita sau biyu, ya fita. Da na zo haɗa kartarsa da sauran, gefenta ya ɗaga na gani ba da niyya ba. Sarakuna biyu ne, kartar da ba mai jefarwa.

Daga nan kujera biyu nake raba wa babu kowa a kai. Zagaye shida aka yi. Wajen ƙarfe huɗu saura na ɗauke zubin Fofo na ƙarshe, Madam Edwige ta sanar cewa Barnabé Hounkpatin ya fita a na goma. A gaban kujerarka ƙwandala biyar suka rage.

Mai hoto ya zo ya rasa yadda zai yi. Ni na je akwatina na ɗauko ledar, na warware rigar na rataya a bayan kujera, na ajiye allin a kan tebur. Mutum takwas suka tsaya, ba wanda ya yi murmushi. Layukan ninki sun fito raɗau a jikinta, sun ɗan yi ja. Bayan hoto na raba, kuma ba a gama zagaye ɗaya ba ka fita. Machoudi Adechokan, na tara. Ni na janye kartarka ta ƙarshe a kife, ban duba ba.

Ranar sadakar uku na je Porto-Novo. Na tarar da Fofo a ƙarƙashin rumfa cikin malamai, an ara masa hula ta tsaya a tsakar kansa. Na matsa kusa na ce na ga abin da ya jefar. Ya harare ni.

“Ka ga me? Tarkace ne aka ba ni tun safe, kai ne ma mai rabon. Kada in ji wannan zance a bakin kowa.”

Ga shi na faɗa, Fofo, ka yi haƙuri.

Aka shigar da ni wurin Iya Faozath. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ajiye ledar a gabanta. Ta kalle ta ta ce, “Baba Faozath na nawa ya zo?”

“Na tara, Iya.”

“An ɗauki hoton?”

Na miƙa mata. Ta kai shi kusa da ido, ta shafa wurin rigar da yatsa.

“Ko guga ba ku yi mata ba,” ta ce. Can kuma ta ce, “Da ma ba za ta shige shi ba. Shekara biyar ina cewa ya kawo in buɗa ta, ya yi ƙiba, sai ya ce in bari sai ranar.”

Ta ninke ta bisa tsofaffin layukan, ta ɗora a cinya. Ni dai ina durƙushe, ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba. An rataye hoton ranar Alhamis. Ina wuce shi sau biyu kullum, allinka kuma yana aljihun falmaran ɗina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Faozath, da 'ya'yanka Faozath da Mouhsine da Ramziath, da ƙanenka Alfa Wassi, da ɗalibanka da suka cika layinku ranar sadaka har mota ba ta wucewa. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda shi yake tsaya muku. Ina yi wa Fofo Barnabé gaisuwa, ko da zai ce ba ya so.

Allah ya jiƙanka, Machoudi. Allah ya yafe maka abin da mutane suka sani da wanda ba su sani ba, ya yafe mana zaman da muka yi a teburin nan, ni da kai. Ya sanya gaskiyar da ka faɗa ranar da shiru zai amfane ka a ma'auninka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ya Ubangiji, bawan nan naka ya daɗe yana tsayawa a bakin ƙofa da rigarsa a hammata. Idan ya iso taka, kada ka bar shi a waje.

Tanimu Illo
Zongo, Kwatano