Na Hana Mama Kiran Ɗana Mijinta

Lokacin da abin nan ya faru, ni malama ce a wata jami'a a ƙasar Turawa, ina koyar da ilimin ƙasar noma kan kwantiragin shekara uku. 'Yar Lafia ce ni, mahaifina ɗan kasuwa ne mai asali da Kano, mahaifiyata kuma 'yar ƙabilar Alago ce daga Doma. Maigidana bai iya barin shagonsa ba, sai na tafi da yara biyu: namiji ɗan shekara biyar, da ƙanwarsa da ba a daɗe da yayewa ba. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin kaina ya kumbura. 'Ya'yan Turawa suna rubuta abin da nake faɗa a kan doyar Doma da ƙasar da take so, ni kuma ina jin babu kamata. Amma da zarar na fita daga aji, matsoraciya ce ni. Kullum gani nake kuskure ɗaya zai sa a ce in tattara in koma.

Ɗan nawa a ɗakin Mama, wato mahaifiyata, ya tashi, don tun ina karatu ita ke riƙe min shi. Kamar kowace kaka, mijinta take kiran sa. Duk ranar Asabar maigidana zai kai mata waya a kira mu ta bidiyo, sai a buɗe filin tsiya. Ta ce ragon miji ne, ya gudu ya bar ta ko zani bai ɗinka mata ba. Shi kuma ya ce ya sake ta, zai auro Baturiya mai haƙora. Hausar Mama irin ta kasuwar Lafia ce, ba ruwanta da namiji ko mace, sai ta ce mijin nan nata ta cika rowa, yaron ya yi ta kwasar dariya yana gyara mata. A nan kaɗai yake doguwar Hausa, domin ni a gida na riga na juya mana harshe zuwa Turanci, wai don kada su zama baya a makaranta.

Wata rana ina fitowa daga lacca aka kira ni daga makarantarsu. An ce yara su zana iyalinsu, shi kuwa ya zana tsohuwa da ɗankwali, ya gaya wa malamarsa cewa matarsa ce, tana jiran sa a Najeriya, kuma idan ya koma a ɗakinta zai riƙa kwana kamar da. Na tarar da malamar tare da wata mata daga ofishin kula da yara. Tsakani da Allah ba su yi min tsawa ba, cikin ladabi suka nemi in yi bayani. Amma na sha jin labari a bakin 'yan ƙasarmu cewa ana ƙwace yara a can. Ni da nake tsayawa awa biyu ina zuba a gaban ɗalibai, na kasa haɗa jimla uku a kan wasan kaka da jika. Sai na yi ƙarya. Na ce yaro ne ya rikita kalmar kaka da ta mata, babu wata al'ada irin wannan a wurinmu. Suka yarda, na fito ina murna wai na yi dabara.

Da muka isa gida na zaunar da shi, na ce masa wannan mummunar magana ce, kada in sake jin ta a bakinsa. Sannan na kira Mama da zafina. Na ce ta daina wannan ƙauyancin, ko so take a raba ni da 'ya'yana? Sai ta ce ta ji, ba ta san haka garin yake ba, in yi haƙuri in yafe mata. Uwar da ta haife ni ce ta roƙe ni gafara saboda ta yi wasa da jikanta, ni kuma na amsa da to. Har yau idan na tuna wannan to ɗin, kunyar kaina nake ji.

Daga nan kiran Asabar ya mutu a tsaye. Mama za ta tambaye shi makaranta, ya ce lafiya, ta tambayi sanyi, ya ce lafiya, sai su tsaya suna kallon juna kamar surukai. Daga baya ma da ya ji wayar sai ya sulale wajen wasansa. Kafin shekara ta zagayo Hausar ta zube masa, ƙanwarsa kuwa dama ba ta fara ba. A ƙarshen zango na haɗu da malamar tasa, hira ta yi daɗi har na gaya mata gaskiyar zancen. Matar nan ta yi dariya, ta ce da na faɗa musu haka tun farko da maganar ta ƙare a wurin, har ma tana so in zo in ba 'yan ajin labari. Ashe dodon a cikin kaina yake. Duk da haka ban kira Mama na warware ba. Girman kai ya hana ni, na ce idan mun dawo gida zan gyara komai.

Saura wata huɗu kwantiragina ya ƙare Allah ya yi mata rasuwa. Mun iso Lafia bayan an yi bakwai, gida cike da tsofaffin ƙawayenta daga Doma da Obi. Sauran jikoki suna ta tsokana kamar yadda ake yi idan kaka ta rasu da tsufa, nawa yana rakuɓe a jikina. Wata tsohuwa ta jawo hannunsa, ta ce ga angon nan sai yanzu ya iso, matarsa ta tafi ta bar shi gwauro, kuma har ta kwanta ciwo tana cigiyar sa. Ya juyo ya tambaye ni da Turanci me take cewa. Ni kuwa da kaina na koya masa cewa maganar mummuna ce. Kuka kawai na fashe da shi, yaron yana ba ni haƙuri bai san laifin wa ba ne.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana da ke fita aiki waje da ƙananan yara. Ku bi dokar ƙasar mutane, wannan dole ne, amma idan an tambaye ku al'adarku ku tsaya ku yi bayani, yawancinsu ji kawai suke so su yi. Kada tsoro ya sa ku ƙaryata gidanku a gaban 'ya'yanku, domin yaro ba ya manta abin da uwarsa ta ji kunyarsa. In kuma kun ɓata wa tsoho rai, ku ɗauki waya yau, kada ku jira ranar dawowa. Ɗana yanzu ya sake koyon Hausa har yana gyara min karin magana, amma wadda ya kamata ya yi da ita ba ta nan.