Saitin Malam

Jiya a Kawo wata tsohuwar mota ta wuce ni tana ƙara a cikinta, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ban san sadda na tsaya cak a bakin titi ba. Kai da ka ji, cewa za ka yi akwala ce kawai. Ni kuwa tsakar gidanmu na Badarawa na gani, da kakata zaune a gindin mangwaro ta karkata kunne.

Motar ta kakana ce, wanda duk gida ke ce wa Malam. Tela ne, ba bakanike ba, amma bai yarda kowa ya taɓa masa kafireta ba, wato inda mai da iska ke gauraya kafin su shiga inji. Da kansa yake saita ta da wani ɗan sukudireba. Ya murɗa kaɗan, ya saurara, ya zagaya baya ya shinshina hayaƙin salansa. Mai kuma sai sufa, mai ƙarfin nan, na gama-gari a wurinsa ruwa ne kawai. Ya ɗaga mata silo, wato bugun inji in tana tsaye, fiye da na kowace mota a layinmu, shi ya sa tun daga kan kwana Kaka ke gane ya dawo, ta miƙe ta cika masa buta.

Da ya rasu motar ta koma hannun Baba. Sharaɗi ɗaya Kaka ta kafa: a canza taya, a canza batir, amma kada hannun wani ya hau saitin Malam.

Sai sufa ya ɓace daga gidajen mai. Aka koma na gama-gari, in layi ya yi tsawo kuma Baba ya saya wurin 'yan bumburutu, waɗanda Allah kaɗai ya san abin da suke haɗawa. Da bazara ta kankama, motar ta fara wannan ƙwanƙwasar. Wannan ma da sauƙi. Baba zai dawo aiki bayan la'asar, ya kashe ta, ya zare makulli, ya fito, amma inji ya ci gaba da bugawa shi kaɗai, jikin motar na karkarwa, ba kowa a ciki. Mu yara sai mu watse. Tsoro nake ji ƙwarai, ko da rana tsaka ba na bi ta gefenta.

Kaka ko gezau. Takan ajiye zogalen da take tsinka, ta ce a hankali, "Sannu da dawowa." Mace ce mai ibada, ba ta taɓa cewa Malam ne ba. Amma ni da nake kwana a ɗakinta na san duk yini wannan ɗan lokacin take jira. In ta ga na laɓe bayanta sai ta ce wai ta yi asarar miji matsoraci, irin wasan kaka da jika.

Wata Lahadi abokin Malam ya biyo daga coci, wani tsohon bakanike ɗan kudancin Kaduna da suka yi ƙuruciya tare. Ya saurari motar, ya girgiza kai. Ya ce man ne ba shi da ƙarfi, yana kamawa da wuta kafin lokacinsa, yana dukan fistin. Baƙin da ya taru a ciki kuma shi ke yin garwashi ya kunna mai bayan an zare makulli. Sai an ja taimin baya, wato lokacin kama wutar, an ƙara mai kaɗan a haɗin, an sauke silo. In ba haka ba injin ba zai ga damina ba. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce a gaya wa Kaka.

Tsohon ya cire hula ya durƙusa a bakin tabarmarta. "Hajiya, Malam ya saita ta ne don man da babu shi yanzu. In aka bar ta haka, kanta za ta ci."

"In ka taɓa, muryar za ta zauna?"

"Ba za ta zauna ba."

Ta daɗe tana kallon motar. Can ta shiga ɗaki, ta fito da sukudireban Malam, ta miƙa masa da kanta.

Ya karɓa ya yi aikin. Ƙwanƙwasar ta tafi, injin ya koma numfashi ƙasa-ƙasa. Baba ya murɗa makulli, motar ta mutu nan take. Har dakan maƙwabta muka riƙa ji. Kaka ta ce, "To, Allah ya jiƙanka," ta naɗe tabarma ta shige. Ranar ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko a zaman makoki.

Motar ta yi shekaru lafiya lau. Kaka kuwa ba ta ƙara sanin Baba ya dawo ba sai ya yi sallama.

Motocin yanzu na'ura ce ke auna musu mai da iska, ba inda hannun mutum zai zauna. Tawa muryarta ɗaya da ta maƙwabcina, matata sai ta leƙa ƙofa take sanin wane ne ya shigo. Na san hakan ya fi sauƙi, amma abin na damuna. Ranar da na bar duniya, ɗana zai shigo da motar gida, uwarsa ko kai ba za ta ɗaga ba.