Ranar da Aka Goge Haƙoran Tracy

Duk unguwar Romi an san Mama Lydia mai ƙosai, kuma an san ba ta da haƙoran gaba biyu, amma kaɗan ne suka san dalili. Tana budurwa a ƙauyensu aka yi yayin wushirya. Wani mutum a kasuwa ya sa magagari ya buɗe mata tsakanin haƙora. Ta yi kyau kam, samari har layi suke yi. Daga baya haƙoran suka yi baƙi, aka cire su.

To, sai ga jikarta Tracy, marainiyar da take riƙo, haƙora sun hau kan juna kamar fasinjojin Keke Napep. Aka sa mata wayar gyaran haƙora a wani asibiti a Barnawa. Da likitar, Dakta Edith, ta ce za a ɗan goge tsakanin haƙoran don su sami wurin jeruwa, Mama ta miƙe tsaye.

"Gogewa? Ba a bakin jikata ba!"

Tracy ta yi ta kuka har gida, don tsokanar 'yan ajinsu ta ishe ta. Mama kuwa tsoro ne fal cikinta, kada yarinyar ta ƙare da giɓi irin nata.

Ranar da suka koma, likitar ba ta yi wa Mama Turanci ba. Ta jawo mata kujera, ta ce, "Mama, ba ni labarin naki." Ta saurara har ƙarshe, sannan ta sa mata abin gogewar a hannu, ɗan siriri kamar zare.

"Abin da zan cire bai kai kaurin farce ba. Ki zauna ki gani da idonki."

Mama ta zauna, ta riƙe ƙafar Tracy gam har aka gama.

Duk da haka ba ta yarda ba. Suna fita ta sayi ruwan leda, fiya wata mai ƙanƙara, domin ruwan sanyi ne ya fara gaya mata nata haƙoran sun lalace. Ta miƙa wa yarinyar, ta ƙura mata ido. Tracy ta shanye tas, ko yamutsa fuska ba ta yi ba.

"Kaka, a ƙaro ɗaya mana."

Mama ta juya da sauri ta koma ciki, ta tsallake masu jiran layi, ta kama hannun likitar da hannu biyu, hawaye na zuba.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Da ma ke na tarar a kasuwar ƙauyenmu."