Igiyar da Injiniya Ke Auna Gindin Gada da Ita

Maƙwabcina tsohon lebura ne na ma'aikatar ayyuka. Shekara talatin yana zuba kwalta, da ya yi ritaya sai ya ɗora wa kansa kula da tsohuwar gadar bakin unguwarmu, ba wanda ya sa shi. Ni na laƙaba masa Injiniya, sunan kuwa ya bi shi, har matarsa ta ɗauka.

Duk damina sai ya tsaya kan gada da wata igiya mai ƙulli-ƙulli, kamu ɗaya tsakanin kowane ƙulli, da guntun ƙarfe a bakinta. Ya zura ta gindin ginshiƙin tsakiya, ya ƙirga, ya san yawan ƙasar da ruwa ya kwashe a ƙarƙashi. Ya ce ruwan yanzu ba shi aka gina gadar dominsa ba, na wata guda ke sauka rana ɗaya. In ƙulli ya kai tara, dole manyan motoci su daina hawa.

"Injiniya, yau ka kamo kifin?" nakan ce daga rumfata.

"Kai dai ji da tayoyin mutane, mai faci."

Wata rana a daminar bana ya shanya igiyar a katangar da ke tsakaninmu. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na kwance ƙullin kaf, na sake ƙullawa, na ɗan buɗa tsakaninsu. So nake ya rikice in sha dariya. Bai ma lura ba, ido ya yi rauni. Ya auna ya samu bakwai, ya je tasha ya ce wa direbobi bana lafiya lau. Ina ji, na ja bakina.

Bayan sati uku aka tafka ruwa, ginshiƙin ya karkace da tirela a kai. Direban ya tsira da karayar ƙafa. A tasha aka yi wa tsohon nan ca, har wani ya ce masa makahon banza. Tun ranar ya daina fitowa ƙofar gida.

Sai da aka yi wata biyu na shiga gidansa na durƙusa.

"Baba, ni ne na taɓa igiyar."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ni na yafe maka. Amma ba a nan aka zage ni ba. Je ka tasha ka faɗa."

Yau kwana huɗu ke nan ina sa riga in fita. Ina kaiwa kwanar tasha, in hango direban nan zaune da sandunansa, sai in juyo.